Makarantun Kuɗi da Taswirar Arzikin Jihar Kano

Duk wanda ke son ya san inda arziki ya taru a Jihar Kano, to, ya duba inda makarantun kuɗi suka yi yawa. Galibinsu suna cikin birni da kewaye, inda 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau, da ma'aikata masu albashi, ke iya biyan kuɗin zango. A yawancin ƙananan hukumomin jihar 44 kuwa, inda noma da kiwo ne abin dogaro, makarantar gwamnati ita ce kaɗai gatan ɗan talaka.

Da ba haka abin yake ba. Sa'ad da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, aka kuma buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ɗan manomi da ɗan attajiri benci ɗaya suke zama. Bayan matsin tattalin arziki na 1986, masu hali suka fara janye 'ya'yansu.

Saboda haka jimillar makarantun jiha ba ta isa ma'auni ba, domin yawan na birni yakan rufe ƙarancin na karkara. Dokar ta-ɓaci da Gwamnatin Jiha ta kafa kan ilmi a 2024 za ta fi amfani idan Ma'aikatar Ilmi tana bayyana yawan ɗalibai, da malamai, da azuzuwa na kowace ƙaramar hukuma, sa'an nan a raba kuɗi bisa ga bukata. In ba haka ba, gonar mai taki za a yi ta ƙara wa taki.