Gam ba ya mayar da ruɓaɓɓen katako sabo

Shekaru biyu da suka wuce, tankin ruwan gidanmu, irin baƙin nan na roba, ya tsage ta kusa da gindi. Mai shagon kayan gini ya miƙo mini gam mai bututu biyu, wanda ake kira efoksi, ya tabbatar mini cewa ko ƙarfe ne zai kama. Na gauraya, na shafa, na bar shi ya kwana. A rana ta uku facin ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai, ruwa ya ci gaba da tafiyarsa. Asarar ba ta wuce kuɗin gam da na 'yan jarkokin ruwa ba, har na manta da zancen. Abin da ya dawo mini da shi shi ne ranar da na tsaya a wata mashiga ta Kogin Neja, na ga irin wannan gam an dandaɓa shi wuri-wuri a cikin wani tsohon jirgin fito na katako, mata da yara kuma suna layin shiga.

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayi guda: efoksi na daga cikin gam mafi inganci da mutum zai iya saya, amma aikinsa toshe kafa ne a jiki mai lafiya. Ƙarfin da katako ya rasa, gam ba ya dawo masa da shi. Saboda haka kafin kowa ya ce zai yi gyara da hannunsa, ya fara tambayar kansa: idan wannan faci ya saki, me za a rasa?

Sai an san yadda gam ɗin yake aiki za a gane dalilin wannan tambaya. Yawancin gam da muka saba da shi bushewa yake yi, wato ruwan da ke cikinsa ya bi iska, danƙon ya saura. Efoksi ba ya bushewa, daskarewa yake yi. Bututu ɗaya danƙo ne, ɗayan kuma sinadarin da ke daskarar da shi; idan suka haɗu sai su sarƙe da juna su zama abu guda mai tauri, ba tare da buƙatar iska ba. Wannan ne ya sa akwai nau'in da ake murzawa kamar ƙullin fulawa, a liƙa shi a ƙarƙashin ruwa, ya kama a can. Wani masanin sinadarai a Suwizalan, Pierre Castan, na cikin waɗanda suka gano shi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da yake aiki da kamfanin kayan gyaran haƙora, kuma a 1946 kamfanin Ciba ya fitar da shi kasuwa da sunan Araldite, sunan da makanikai da kafintocinmu suka sani har yau.

Da yake haɗuwar sinadarai ce, tana da ƙa'idojin da ba a yi musu wayo. Awon da aka rubuta a jikin kwali shi ne awo. Wanda ya ƙara mai daskarewa don aiki ya yi sauri zai ƙare da faci mai laushi. Zafi yana gaggauta haɗuwar: kusan duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos yana rage lokacin aiki da rabi. Gam ɗin da kwalinsa ya ce za a iya sarrafa shi na minti 20 a digiri 25, a zafin Afrilu na Yawuri ko Sakkwato ba zai kai minti 10 ba ya fara ƙullewa, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa. Dole wurin ya zama babu maiƙo, babu gansakuka, a kuma goge shi da samfefa ya yi kaushi. Irin mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar ya fi rauni, kuma bai kai mai jinkiri jure zama cikin ruwa ba. Mai jinkirin ma, ko da ya yi tauri a kwana ɗaya, yakan ɗauki kusan mako kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rana tana cin sa idan ba a rufe shi da fenti ba, sannan ɗanyensa yana iya jawo ƙaiƙayin fata mai dawowa duk lokacin da aka sake taɓa shi, don haka safar hannu wajibi ce.

Shi kuwa tankina, laifin ba na gam ba ne. Ana yin irin waɗannan tankuna da robar foliyetilin, wadda fuskarta ke da santsi kamar kakin zuma, efoksi na gama-gari ba ya kama ta. Maganinta shi ne a narka roba irinta a cike tsagar.

A kwamin kifi na siminti, ko kwamin ninƙaya na otal da gidajen masu hali, ina goyon bayan mutum ya gwada da kansa. Tayil ɗin da ya ɓalle, ƙaramar tsaga, yoyo a gefen bututu, duk efoksi yana maganinsu da kuɗi kaɗan, sau da yawa ba tare da an zubar da ruwan duka ba. Mai kiwon tarwaɗa ya nemi nau'in da aka rubuta cewa ya dace da ruwan sha, ya kuma jira ya gama daskarewa kafin ya mayar da kifinsa. Sai dai idan tsagar tana ƙara faɗi wata bayan wata, ƙasan ginin ne ke motsi, kuma gam mai tauri ba ya bin motsi. Simintin zai sake tsagewa a gefen facin. A nan magini ake nema. Ko da an yi kuskure dai, ruwa ne zai tsiyaye, asara ce ta aljihu.

Jirgin katako wani al'amari ne daban. Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe. Masassaƙan jirage sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke cusa auduga ko tsumma a tsakanin alluna su bi da kwalta, abin da ke miƙewa ya dawo tare da katakon. Efoksi ba ya miƙewa haka. Ya fi kama katakon da danshinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, alhali jirgin da ke kwana a kogi ya wuce nan nesa. Gaskiya ne a Amurka 'yan'uwan Gougeon na jihar Mishigan sun shahara tun daga 1969 wajen haɗa jiragen katako da efoksi, amma da busasshen katako suke farawa, su rufe shi ta kowace fuska yadda ruwa ba zai shiga ba. Shafa gam a fuska ɗaya ta jiƙaƙƙen allo akasin wannan ne: danshi ya maƙale a ƙarƙashi, ruɓa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Yoyon da ya kamata ya gargaɗi matuƙi ya tsaya, ƙusoshi kuwa suna riƙe da katakon da ya zama kamar soso. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Mun san abin da ke biyo bayan jirgin da ya gaza. A watan Mayun 2021 jirgi ya dare a Kogin Neja kusa da Warra ta jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Kano, yawancin mamatan ɗaliban Islamiyya ne. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Ba gam nake ɗora wa alhakin waɗannan ba. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, kututturan da ke ƙarƙashin ruwa da rashin rigar kariya su ne aka fi ambata. Amma duk waɗannan gwaji ne ga ƙarfin jikin jirgi, kuma jirgin da ya ruɓe ta ciki shi ne ke fara faɗuwa a gwajin.

Za a ce mini sabon jirgi yana da tsada, matuƙa talakawa ne, kuma akwai ƙauyukan da in ba jirgi ba su da hanyar kasuwa ko asibiti. Duk gaskiya ne, kuma ban ce a daina gyara ba. A jirgin faiba, efoksi da ƙyallen faiba su ne gyaran da ya dace, ya kamata ma a koya wa matasan bakin ruwa wannan sana'a. A jirgin katako, gwajin ba ya cin ko sisi: a fitar da shi tudu, a soka tsinin wuƙa a kewayen kowane faci. Idan ta nutse cikin sauƙi, allon ya mutu, a cire shi a sa sabo. Allo guda ake magana, ba jirgi guda ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta rigar kariya. Jami'anta ba za su iya tsayawa a kowace mashiga ba, amma kowace mashiga tana da sarkin ruwa ko shugaban matuƙa. Su ne ya dace su mayar da wannan gwajin wuƙa al'ada a kowace shekara kafin ruwa ya kawo, su kuma hana lodi ga duk jirgin da ya faɗi. Wanda zai liƙe kwaminsa ya liƙe, asararsa tasa ce. Wanda ke ɗaukar 'ya'yan mutane a kan ruwa kuwa, ba shi kaɗai ne zai yanke hukunci a kan facinsa ba.