Digiri na Biyu a Lafiyar Jama'a: London ko Gida?

Shekaranjiya wasu samari biyu da suka gama jami'a suka tare ni a Fagge da gardama. Wai mai son digiri na biyu a kan lafiyar jama'a, gara ya tafi Ingila ko ya tsaya gida? Ɗayan ya ce shi London ko babu.

To, ba mu raina makarantar London ba. Tun 1899 take koyar da cututtukan ƙasashe masu zafi. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan talaka, sai fa in ya sami tallafi, kuma mun san 'ya'yan wa aka fi sanar wa in tallafin ya fito.

Jama'a, a tuna da 1996. Sanƙarau ya sauka Kano, Asibitin Zana ya cika maƙil. Kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara 200, wajen rabinsu aka ba sabon magani, Trovan. Yara 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a, sai 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, iyaye da yawa abin nan suka tuna. Aikin da ya rage shi ne a zauna a zaure a lallashi maigida har ya fito da 'ya'yansa, kuma wannan ba a aji ake koyonsa ba.

Saboda haka ni a ganina, kada sunan gari ya ruɗi yaro. Ya tambaya: makarantar nan za ta kai ni unguwa in ƙirga marasa lafiya gida-gida, in bi ruwan Jakara in ga inda yake shiga rijiya? Za ta koya mini ƙididdiga sosai? Wanda bai iya ta ba, ko annoba ta ƙaru ko ta ragu, sai dai ya yi ƙiyasi.

Ga Jami'ar Bayero tare da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda da ita da ta Ibadan aka fara horon bin sawun annoba a 2008. Ɗalibansa na cikin waɗanda suka je Zamfara a 2010, lokacin gubar dalma.

Amma fa na gida ma a bincika. Na gaya wa samarin su nemi ɗaliban bara, su ji malami ɗaya mutum nawa yake dubawa, kuma wata nawa takardar bincike ke kwana a teburinsa.