Bashi Hanji Ne, Amma A Rubuta Shi

 

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu gidan da ba a taɓa cin bashin mai kanti ba, ko na ragon suna, ko na kayan ɗaki. Cin bashi don buƙata ba abin kunya ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Abin da ke rusa gidaje shi ne ɓoye bashin da ƙin rubuta shi.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma mu sai mu ce ai amana ce, rubutu rashin yarda ne. To, ranar da maigida ya faɗi ya mutu, wa zai gaya wa iyali abin da ake bin sa?

Mutane kan tambaya, idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum yaya ake yi? Wannan shi malaman fiƙihu ke kira taflisi. Masu bin bashi su kai ƙara, alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, a sayar da kayansa a raba musu gwargwadon haƙƙin kowa. Misali, wani yana bin sa Naira 200,000, wani 100,000, kayan kuwa 150,000 suka yi. Na farko zai karɓi 100,000, na biyu 50,000. Ana bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi irin wannan rabo da dukiyar wani mutumin ƙabilar Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada har ya tsiyace.

Shin ragowar ta yafu ke nan? A'a. Tana nan a wuyansa har Allah Ya hore masa, sai dai ba a takura masa, domin aya ta 280 ta umurci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Yana ma cikin mutum takwas da ake ba zakka. Amma mai hali da ke jan ƙafa wajen biya, wannan zalunci yake yi.

To matarsa da 'ya'yansa fa? Ba a taɓa sadakin mace ko akuyarta saboda bashin miji, sai in ta tsaya masa lamuni. Idan ya rasu, bayan an yi masa sutura, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, sannan gado. In dukiyar ba ta kai ba, ba a tilasta wa 'ya'ya su biya daga guminsu, amma ɗa nagari ba ya son mahaifinsa ya kwanta da nauyin mutane. Ku tuna, ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi.

Saboda haka shawarata ga iyayenmu maza, a samu littafi guda a gida, a rubuta wanda ake bi da wanda ke bin mu, da ranar biya, uwargida ta san inda yake. Iyayenmu mata kuma, a rage gasar biki da gara. Ku kuma ɗalibai, wanda mahaifinsa bai iya rubutu ba, ya rubuta masa, da boko ko da ajami. Amfanin karatun ke nan.

Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.