Bala Miller da makarantar kiɗan da Jigawa take bukata

A shekarun 1980, duk wanda yake da talabijin a Arewa ya san fuskar Bala Miller. Tashar NTA tana nuna shirinsa, shi yana tsaye a gaba, bayansa jerin mabusa da makaɗa da masu jita, kowa da abin da yake riƙe, kowa yana jiran alamar hannunsa. Sunan ƙungiyar Great Music Pirameeds of Afrika, waƙarsu da ta fi shiga gari kuma ita ce "Ikon Allah". Kayan kiɗan na Turawa ne, amma harshen Hausa ne, kuma Bahaushe ne ya tsara komai.

An haife shi a Pankshin a 1928, mahaifinsa limamin coci ne ɗan asalin Zariya. Ya yi karatu a makarantar CMS ta Legas, inda ya shiga cikin 'yan badujala ya ƙware da busa. A wancan zamani ne manyan ƙungiyoyin kiɗa suka yi tashe a duniya. A Amurka akwai Duke Ellington da Count Basie, a Gana E. T. Mensah, a Legas kuma Bobby Benson da Victor Olaiya. Miller ya daɗe yana aikin kamfani yana kiɗa a gefe, kafin ya kafa tasa ƙungiyar a 1977, shekarar bikin FESTAC. Ya rasu a 2003.

Abin da ya fi dacewa mutanen ƙaramar hukumar Birniwa da sauran ƙasar Haɗeja a Jigawa su tuna da shi ya faru ne kafin wannan shahara. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya nemi Miller ya kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. A lokacin Birniwa tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Ke nan an taɓa yin gwamnati a wannan yanki da ta ɗauki busa da kiɗa a matsayin sana'ar da ake shiga aji a koya, kamar kafinta ko kanikanci. Wannan tunani ne ya kamata a dawo da shi.

Yau yaron Birniwa mai murya da basira hanya ɗaya ce a gabansa: ya hau mota zuwa Kano, ya biya kuɗin situdiyo, mutum ɗaya ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa masa kiɗan cikin 'yan sa'o'i. Wannan hanya ta fito da mawaƙa masu yawa, ta kuma ciyar da gidaje, ba wanda zai musa. Sai dai kalangun da ake ji a waƙar na'ura ce ta kwaikwaye shi, algaitar ma haka. Mawaƙi zai hau dandamali a wurin biki, a kunna faifai, shi yana bin bakin waƙar. Aikin da a ƙungiyar Miller yake ɗaukar mutum fiye da goma, kowa da sana'arsa da rabonsa, ya koma hannun mutum guda.

Ga shi kuwa ƙasar Haɗeja ba baƙuwar busa ba ce. Duk wanda ya kalli hawan salla a fadar Sarkin Haɗeja ya ji kakaki da algaita da tambari, ya ga yadda mabusa suke karɓa wa juna ba tare da wani ya taka wani ba. Wannan tsari ne na babbar ƙungiya, iri ɗaya da wanda Miller ya yi aiki da shi. Amma gado ne, uba yake koya wa ɗa, kuma idan ɗan ya zaɓi acaɓa ko fataucin kifi, sana'ar ta tsaya a nan.

Akwai iyayen da za su ce kiɗan badujala da gidajen rawa yake tafiya, kuma damuwarsu abar saurare ce. To amma mabushin da ya ƙware yana da wuraren aiki na mutunci: fadar sarki, badujalar 'yan sanda da ta soja, faretin makarantu ranar 1 ga Oktoba, gidajen rediyo, da kiɗan finafinan Hausa waɗanda suke neman sauti na gaske.

Wuraren koyarwa ma suna nan kusa. Akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, da Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ɗayansu za ta iya buɗe kwas na shekara guda, ta ɗauki mabusan fada su koyar da algaita da kakaki a kan albashi, tsofaffin 'yan badujala da suka yi ritaya kuma su koyar da karanta rubutun kiɗa. Ƙaramar hukumar Birniwa za ta iya sayen ganguna da bigila ga sakandare guda, masarauta kuma ta ba wa ɗaliban wuri a hawan salla mai zuwa domin jama'a su ji abin da suka koya.