Kafin A Zo Tagar Magani

Ya kai mai karatu, shekara takwas ke nan ina zaune bayan tagar ba da magani a asibiti, kuma akwai roƙon da na ji har na haddace: "Malam, a taimaka mini da maganin barci." Sau da yawa babu takardar likita a hannun mai roƙon. In na ja shi gefe na tambaye shi tun yaushe barci ya ƙaurace masa, sai labari ya fito. Wani jarinsa ne ya narke da aka rufe iyakar Kwangwalam a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wani shanunsa ya kai kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya sayar, bashin kuma bai biyu ba. Wani matarsa yake nema wa, wadda tun da ta haihu take kuka ba ta san dalili ba.

Me muke ba irin waɗannan mutane? Abu uku ne. Na farko, "yi haƙuri", kalma mai daraja da muka mayar murfin rufe baki. Na biyu, ƙwaya daga kemis: diazepam, wadda jiki kan saba da ita cikin 'yan makonni, ko tramadol, wadda yawanta kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na uku, in abin ya ƙazanta, gidan mari. Ba mu manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani irin wannan gida a Daura suka fito da mutane da sasari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can, akasarinsu ba mugunta ta kai su ba, rashin wata ƙofar ce.

Abin da nake kira gare shi a fili yake: a zaɓi mutane a kowace unguwa da kowane ƙauye, a koya musu yadda ake tallafar wanda damuwa ta kayar. Limami, ungozoma, malamar Islamiyya, mai kemis, shugaban 'yan acaɓa, sarkin kasuwa.

Na san wasu abokan aikina za su ce wannan buɗe ƙofa ce ga 'yan baranda, lafiyar ƙwaƙwalwa aikin ƙwararru ne. To, ina ƙwararrun? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Wanda hankalinsa ya tashi da tsakar dare a ƙauyen Mai'aduwa ba zai tarar da likitan Dawanau ko na Barnawa a zaurensa ba. Maƙwabcinsa zai tarar. Maƙwabcin nan tuni yake wannan aiki, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Zaɓin da ya rage mana shi ne ya yi da sani ko ya yi da ka.

Wasu kuma za su ce ai muna da jaje da ta'aziyya da zumunci, me Bature zai koya mana? Gaskiya ne muna da su, kuma su ne harsashin ginin. Sai dai mun iya zaman makoki na kwana uku, ba mu iya zama da wanda ya ce ya gaji da duniya ba. Sai mu yi masa wa'azin wuta, ko mu ce aljanu ne, ko mu kai labarinsa majalisa. Gobe ba zai ƙara buɗe baki ba.

Wannan dabara ma ba daga Turai ta zo ba. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. A Zimbabwe kuwa, Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, suna zaune a kan benci a harabar asibiti. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne.

Horon bai da wuyar fahimta. Jagoran agajin farko na damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya tsaya kan abu uku: duba, saurara, sada shi da taimako. A koya wa mutum ya yi shiru ya ji, ya riƙe sirri, kada ya yanke hukunci. A koya masa cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi asibiti. A koya masa iyakarsa: wanda ke jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci, ko mai jego da ke zancen cutar da jaririnta, na likita ne ba ɓata lokaci. Kuma ba shi da hurumin ba da ƙwaya ko ɗaya.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta zama a tabarma ta saurari kowa. Don haka nake roƙon sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da hakimai da dagatai, su fara da mutum biyu a kowace gunduma, namiji da mace, tare da ma'aikacin lafiyar da zai riƙa bibiyarsu kowane wata.

Kai kuma mai karatu, akwai wani a unguwarku da ya daina fitowa majalisa, ka san shi. Je ka gaishe shi yau, ka zauna, ka bar shi ya yi magana.