Kada a Biya Kuɗin Bangon Gilashi Sai da Takardar Gwaji

Gobarar da ta tashi a ginin Afriland da ke titin Broad a tsibirin Legas ranar 16 ga Satumba 2025, wadda ta faro daga ɗakin inbata na ƙarƙashin ƙasa ta kuma ci rayukan mutum 10, ta samu rabonta na ta'aziyya da alkawuran bincike kamar yadda aka saba, daga nan kowa ya koma harkarsa. Ga shi kuwa yayin lulluɓe fuskar gini da gilashi ya daɗe da baro Legas da Abuja, ya ratsa Gusau, yana neman wurin zama a Talata Mafara da Bakura da Maradun, a daidai lokacin da gwamnatin Dauda Lawal ta jihar Zamfara, bayan ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannonin ilimi da lafiya, take fitar da kuɗi domin gyaran asibitoci da makarantu. Matsayin wannan jarida shi ne kada a amince da zanen kowane ginin jama'a mai fuskar gilashi, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, sai ya gabatar da takardar gwajin da ke nuna minti nawa abin da ya kafa zai iya tsare wuta da hayaƙi.

Abin da masu zanen gini ke kira bangon labule fata ce ta gilashi da firam na alminiyon wadda ba ta ɗauke da nauyin gini, domin ginshiƙai da dakalin kankare na kowane hawa su ne ke ɗauke da shi, ita kuwa rataye ta ake yi daga waje da ƙarafan riƙo. Saboda haka dole a sami rata tsakanin bakin dakalin da bayan gilashin, kuma ratar tana zagaye ginin a kowane hawa. Ƙa'idar aiki ta ce a cushe ta da audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse wanda ba ya kamawa da wuta, a kuma shafe samanta da abin da ke hana hayaƙi wucewa. Wannan shi ne sashen da ya fi sauƙin sata a cikin kwangila, tunda da zarar an rufe silin babu mai sake ganinsa, kuma baƙon da ya zo yanke kirtanin buɗe gini ba zai tambaya ba. Idan aka bar ratar a buɗe, wutar da ta tashi a hawa na ƙasa takan bi ta cikinta zuwa na sama, iska na hura ta kamar zuga-zugin maƙeri. Ta irin wannan hanya, da kuma ta tagogin da suka farfashe, gobarar da ta tashi a hawa na 12 na benen bankin First Interstate a birnin Los Angeles na Amurka a watan Mayu 1988 ta haura har hawa na 16.

Alminiyon yana narkewa a zafin digiri 660, yana kuma rasa ƙarfinsa tun kafin ya kai nan, alhali zafin tanderun da ake gwada kayan gini da shi yana haura 800 cikin minti 30. Gilashin taga na gama-gari yakan tsage cikin 'yan mintoci, saboda tsakiyarsa na ɗaukar zafi yana buɗewa yayin da gefensa da ke cikin firam yake da sanyi, kuma faɗuwarsa ita ce ke buɗe wa wuta ƙofar iska. Akwai kuma farantan alminiyon masu launi da ake jerawa tare da gilashin, waɗanda magina suka saba kira Alucobond ko wane kamfani ne ya yi su. Masu arha daga cikinsu roba ce zalla a tsakiyarsu, kuma irin wannan faranti ne kwamitin bincike a Ingila ya tabbatar shi ne babban dalilin da ya sa wuta ta mamaye benen Grenfell na Landan ranar 14 ga Yuni 2017, inda mutum 72 suka mutu.

Babbar yaudarar da ke yawo a kasuwar kayan gini ita ce ɗaukar gilashin da aka ƙarfafa da zafi, wanda ke dagargajewa ƙanana-ƙanana idan ya fashe don kada ya yanki mutum, a matsayin gilashin gobara. Wancan maganin rauni ne, ba maganin wuta ba. Gilashin gobara na gaskiya ana gwada shi ne a bakin tanderu, sannan a ba shi daraja ta harafi da lamba. A tsarin Turai harafin E na nufin yana hana harshen wuta da iska mai zafi ratsawa, EW na nufin yana ƙara da rage turirin zafin da ke tsallakawa, EI kuwa na nufin matsakaicin zafin fuskarsa ta ɗaya ɓangaren ba zai ƙaru da fiye da digiri 140 ba, ta yadda mutum zai iya wucewa ta gefensa ba tare da ya ƙone ba, lambar 30 ko 60 ko 120 kuma adadin mintocin da ya jure ne. Irin na EI falle-falle ne da aka haɗa da wani sinadari a tsakaninsu, wanda ke kumbura ya zama farin kumfa mai tauri idan ya ji zafi. Sharaɗin da aka fi takewa shi ne cewa darajar ta gilashi da firam da abin liƙi ce baki ɗaya kamar yadda aka gwada su tare, don haka gilashin minti 60 da aka ɗora a firam ɗin alminiyon na gama-gari asarar kuɗi ce kawai.

Yanayin yammacin Zamfara ya sa lamarin ya fi na Legas muni. Garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, idan aka rufe gini da gilashin da ba ya buɗewa, zama a cikinsa ba zai yiwu ba sai da na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma ba za ta yi aiki da wutar lantarkin da ke zuwa tana ɗaukewa ba sai an kawo janareta da tankin mai, ko sola da tarin batura, wato dai gilashin da kansa ne ke jawo wa ginin abubuwan da ke tayar da gobara. Matsalar 'yan bindiga ta sa ana kafa ƙarafa a kowace taga ana kuma garƙame ƙofofin baya, iskar hunturu na busar da komai, Gusau kuma tafiyar fiye da kilomita 80 ce daga Talata Mafara ga duk motar kwana-kwana da za ta kawo ɗauki daga can. Majinyacin da ke kwance da ƙarin ruwa a hannu, ko ɗalibar da ke barci a ɗakin kwana na hawa na biyu, rayuwarsu ta rataya ne a kan mintocin da matakala za ta yi babu hayaƙi a cikinta. Jihar da ta binne almajirai 17 da gobara ta cinye a Ƙaura Namoda a watan Fabrairu 2025 ba ta da hujjar cewa ba a gargaɗe ta ba.

Za a ce gilashin gobara daga waje ake shigo da shi, farashinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa, kuma gine-ginen waɗannan garuruwa ba su cika wuce hawa biyu ko uku ba. Amsar ba ta da tsawo. Ba a ce a lulluɓe gini duka da shi ba, a matakala da baranda da ƙofofin da ke raba sassan gini ake buƙatarsa, inda kuma kuɗi bai kai ba, bangon bulo mai filasta da taga mai buɗewa sun fi kowane gilashin arha tsare wuta, sun kuma fi shi sanyi. Wanda ba zai iya sayen gilashin da aka gwada ba, ba dole aka yi masa ya yi gini da gilashi ba.

Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, kuma tun daga nan aiwatar da shi ya rataya a wuyan jihohi. Ba za a ce yankin nan ya rasa masu faɗa a ji ba, domin daga 1999 zuwa 2023 'ya'yan garuruwan nan uku, Ahmad Sani na Bakura da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun, sun riƙe kujerar gwamna shekara 20 cikin 24. Abin da har yau bai zama al'ada ba shi ne tsayar da ɗan kwangila a tambaye shi takardar gwajin kayansa. Mutanen wannan yanki kuwa sun san sakamakon aikin da aka zano a wata ƙasa aka kawo musu ba tare da shawara ba, tun daga madatsar ruwa ta Bakolori da kamfanin Impresit na Italiya ya gina, wadda ta ƙare da harbin manoman da ke neman diyya a watan Afrilu 1980.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ma'aikatar ayyuka ta jihar ta rubuta sharaɗin a cikin takardar kwangila tun daga farko, da harafi da lambar darajar da ake buƙata a kowane sashe, ta hana faranti mai cikin roba a asibiti da makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai, ta kuma wajabta tagogi masu buɗewa a kowane hawa. Jami'in hukumar kashe gobara ya duba cushin ratar da idonsa kafin a rufe silin, ya karanta hatimin da ke kusurwar kowane gilashi, ya sa hannu da sunansa. Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, dukansu a Talata Mafara, su fara da nasu gine-ginen. Majalisar dokokin jihar kuma, idan kasafin kuɗi ya zo gabanta, ta nemi a ajiye mata takardun gwajin ayyukan da aka riga aka biya kafin ta amince da sababbi.