Akwai maganin ƙwaƙwalwa a kasuwa?

Yara, idan bazara ta yi, jarrabawa ta gabato, masu tallar magani sukan yawaita. Wani da garinsa a ƙulle cikin leda, wani da ƙwayoyi a kwalba mai rubutun Turanci ko Faransanci. Dukansu maganarsu ɗaya ce: wai wanda ya sha zai natsu a aji, zai riƙe karatu, ba zai ji tsoron jarrabawa ba. Ni a ganina, kada yaro ya kai kuɗinsa can, kuma kada ya roƙi iyayensa su saya masa. Ga dalilina.

Mu fara sanin abin da ke cikin kwalaben. Yawancinsu saiwoyi ne da ganyaye na ƙasashen nesa. Akwai jinsan, wata saiwa da mutanen Sin da Koriya suke amfani da ita tun zamanin da. Akwai ginko, ganyen wani itace na ƙasar Sin. Akwai ashwaganda, wadda masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe da sani. Ita wannan ba baƙuwa ba ce, tana fitowa a Afirka, Hausawa suna ce mata ƙarama anta. Irin waɗannan tsirrai ne ake ba suna “adaftojan”, wato abin da ake zaton yana taimakon jiki ya jure wahala da damuwa. Wani masani na Tarayyar Sobiyat, mai suna Nikolai Lazarev, shi ya ƙago kalmar a 1947.

Ban ce tsirrai ba su yin magani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku a gidan likita, asalinsa daga wani ganye ne na ƙasar Sin. Wata mata mai suna Tu Youyou ce ta fid da shi, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma kafin a yarda da shi sai da aka gwada shi a kan marasa lafiya masu yawa, aka auna yawan da za a sha, aka san illarsa. Gwaji shi ne ya mai da ganye magani.

To, an gwada waɗannan na ƙwaƙwalwa? An gwada wasu. A Amurka an tara tsofaffi fiye da 3,000, aka raba su gida biyu. Aka riƙa ba kashi ɗaya ginko, ɗaya kashin kuwa aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu komi a ciki, ba kuwa wanda ya san irin da yake sha. Aka bi su wajen shekara 6. Da aka bayyana sakamako a 2008, sai aka ga ginko bai hana ciwon mantuwa ba. Ku lura da dabarar raba mutane biyu, don tana da amfani. Mutum idan ya gaskata magani, sau da yawa yakan ji daɗin jikinsa ko da garin gero aka ba shi. Shi ya sa maganar “na sha na ji daɗi” ba ta isa shaida ba.

Ashwaganda ta ɗan fi. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage damuwa, tana kuma gyara barci. Amma manya aka gwada wa, na wata biyu ko uku, ba yara kamarku ba. An kuma samu waɗanda ta lalata wa hanta. Ƙasar Danmak kuwa ta hana sayar da ita a 2023. Sannan garin da aka ƙulla a leda, wa ya auna shi? Wa ya san abin da aka haɗa a ciki? Mai talla yau yana Maraɗi, gobe yana Tawa. Idan ciki ya ɓaci, ba ka da wanda za ka tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da ba ya riƙe karatu yakan kasance da wani dalili na gaske, kwalba kuwa sai ta ɓoye shi. Wani yunwa ce, ya zo makaranta bai karya kumallo ba. Wani ƙarancin jini ne, saboda zazzaɓi ko tsutsar ciki ko tsargiya, ko don abincinsa ba shi da sinadarin ƙarfe. Irin wannan yaro yakan gaji da wuri, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani kuma idonsa ne ba ya ganin allo sosai, ana ta ce masa dolo. Waɗannan duka likita yana iya gane su. Jikar da za a ba mai talla, gara a kai ta can, ko a sayi wake da hanta da zogale da gishiri mai aidin.

Sai barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai ƙarfi don ya kwana karatu, idonsa dai ya buɗe, amma ya hana karatun zama.

Game da hadda kuwa, ku dubi ƴan makarantar allo. Da me suke riƙe sura? Da maimaitawa: a biya yau, a biya gobe, a wanke allo, a koma tilawa bayan kwanaki. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma bita da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara rana ɗaya. Saboda haka darasin da kuka yi yau, ku duba shi da yamma. Gobe ku rufe littafi ku faɗe shi da ka, ko ku koya wa ƙanenku. Bayan mako ɗaya ku sake. Inda kuka tsaya kuka kasa, ku sa alama da fensir, ku kawo mini ranar Litinin mu duba tare.